Neman likitan mata da katin inshora a Jos: ta ina ake farawa?

Maman Sadik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce da ni ga masana. Yarinya ce da cikin fari, wata biyu da 'yan kwanaki, suna zaune a Rikkos. Mijinta ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana da katin inshorar lafiya na NHIS. Tana son ƙwararren likitan mata, in da hali mace, da zai riƙa duba ta har Allah ya sauke ta lafiya. Wane likita ne a cikin garin Jos yake karɓar katin?

Baban Walida: Wa alaikumus salam Hajiya. A harkar inshora ba a fara da sunan likita, da sunan asibiti ake farawa. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta koma NHIA tun da aka sa hannu a sabuwar doka a watan Mayu na 2022 (mutane dai har yanzu NHIS suke cewa), asibiti take tantancewa ta ba shi lasisin karɓar masu kati. Duk likitan da ke aiki a wannan asibitin ya shiga ciki. Likita ɗaya zai iya ganin ta da kati da safe a asibitin gwamnati, da yamma kuma in ta bi shi asibitinsa na kuɗi wanda ba shi da rajista, sai ta biya daga aljihu.

Abin da za a fara dubawa yau, kafin a je ko'ina: sunanta yana cikin rajistar mijin? Nan ne mafi yawan sababbin aure suke tuntuɓe. Mutum ya yi rajista yana saurayi, ya yi aure, yana zaton katin ya haɗa da amarya kai tsaye. Bai haɗa ba. Sai ya je ofishin NHIA na jiha ya cike takardar ƙara iyali, da shaidar aure, da hoton fasfo, da lambar NIN ɗinta. Sunan kuma ba ya fitowa a ranar, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya bayyana a jerin sunayen da ake aika wa asibiti. A duba rubutun sunan da kyau: in NIN ta ce Aishatu, takarda ta ce Aisha, ko ranar haihuwa ta saɓa, za a sha zirga-zirga a banza.

Na biyu, wane asibiti ya zaɓa a matsayin asibitinsa na farko, kuma wane kamfanin HMO ne, wato kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibitoci wajen ba da izini da biyan kuɗi, yake kula da ma'aikatarsu? Duk suna rubuce a takardarsa.

Sista Ungozoma: Na yarda da Malam, amma in ƙara: kada a ce za a zauna jiran suna ya fito kafin a fara awo. Cikin wata biyu ne, awon farko ana so a yi shi kafin sati 12. In sunan bai fito ba ta yanki kati da kuɗinta a yi mata gwajin farko, daga baya a ci gaba da inshora. Kuɗin awon farko bai kai abin da za a kashe ba in aka gano matsala a makare.

Maman Sadik: Sunanta yana ciki, an duba. Asibitin da ya zaɓa wani ƙarami ne na kuɗi a kan hanyar Bauchi. Babu likitan mata a can sai wanda yake zuwa sau ɗaya a sati.

Baban Walida: To an rage rabin aiki. Ga yadda hanyar take. Za ta fara zuwa wannan ƙaramin asibitin, domin shi ne ƙofarta. Likitan can ya duba ta, ya rubuta takardar tura ta ga ƙwararre. Teburin inshora na asibitin ya tuntuɓi HMO a nemi lambar izini, wadda kowa ke kira kod. Da takardar da lambar za ta je babban asibiti. In ta tsallake ta tafi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da kanta ba takarda ba lamba, za su karɓe ta, amma a matsayin mai biya.

Kuma cikin fari yana da gata a nan. A ƙa'idojin shirin, mai cikin fari da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, a mataki na biyu ake kula da su, wato inda akwai likitan mata. Don haka ba alfarma za ta roƙa ba, abin da tsarin ya tanada ne. Ta faɗi haka da bakinta cikin ladabi.

Abu uku game da lambar da mutane ba sa sani har sai sun ƙone. Lamba ɗaya aiki ɗaya take yi: ta ganin likita daban, ta hoton ciki daban, ta kwanciya daban, ta tiyata daban. Tana da wa'adi, in an daɗe ba a yi amfani da ita ba sai a sake nema. Sannan an ɗaure ta da asibitin da aka rubuta, ba a ɗaukar ta a kai wani wuri. A ɗauki hoton takardar da lambar a waya, a kuma yi kwafi biyu, domin ta asali tana shiga fayil ba ta dawowa.

Kawu na Bukuru: Ni dai ra'ayina, duk wannan dogon turanci ne. Mai kati kullum shi ne a ƙarshen layi, magani kuma "babu". Wanda yake da hali ya biya kuɗinsa ya huta. Haihuwa ba abin wasa ba ce da za a tsaya jiran wani kamfani a Abuja ya ɗaga waya.

Anti Mai Magani: Kawu, ƙorafinka yana da tushe, amma bari a ga daga ina abin yake fitowa. Asibitin farko ana biyan shi kuɗi ƙayyadadde ne a kan kowane mutum duk wata, ya zo ko bai zo ba. Shekara da shekaru naira 750 ne a kan kai, alhali farashin magani ya ninka ya sake ninkawa. Asibiti da aka ba wannan kuɗin, kowace ƙwaya da ya bayar daga cikinsa take fita, shi ya sa "babu" ta yi yawa. An ƙara kuɗin daga 2024 zuwa 2025, abin ya ɗan yi sauƙi a wasu wurare. Shi kuma aikin ƙwararre, HMO ce take biya aiki-aiki, shi ya sa a can jinkirin yake wajen ba da lamba. Kowa yana tsaron aljihunsa ne.

A wajen magani, mai kati kashi 10 cikin 100 na kuɗin yake biya. Jerin magungunan hukumar kuma da sunan asalin sinadari aka rubuta shi, ba da sunan kamfani ba. Idan likita ya rubuta wani maganin ƙarin jini mai tsada na kwali mai hoto, za a ce ba ya ciki, alhali ƙwayar ƙarin jini ta yau da kullum da folik asid suna ciki kuma aikinsu ɗaya. Ta ce wa likitan tun a ɗaki: "Da kati nake, a rubuta mini wanda ke cikin jeri." In kuma maganin yana cikin jeri aka ce ya ƙare, a sa su rubuta a jikin takardar cewa babu, a buga hatimi, a riƙe rasidin inda aka saya. Ba tare da wannan ba babu maganar neman a mayar da kuɗi.

Inda ban yarda da kai ba shi ne "a biya a huta". Awo da haihuwa lafiya ƙalau, e, mutum zai iya biya. Amma ranar da aka ce tiyata da tsakar dare, ga jini leda biyu, ga jariri a kwalba na sati biyu, a ranar ake sayar da fili. Domin wannan ranar ake riƙe kati.

Baban Walida: Kan maganar jiran waya ma, Kawu, tun watan Afrilu na 2025 hukumar ta umarci kamfanonin HMO su ba da lamba cikin awa ɗaya da nema. Ba kullum ake cikawa ba, amma yanzu akwai abin da mutum zai riƙe ya yi magana. Sau da yawa kuma kamfanin bai ma san da buƙatar ba, takardar tana kan tebur ba a aika ba. Mijin ya tambayi ƙarfe nawa aka tura, ya kira lambar HMO ɗin da kansa ya ji ko ta iso. In abu ya ƙi, ofishin NHIA na jiha yana karɓar ƙorafi, a rubuce ya fi.

Gaggawa kuwa ba ta jiran lamba. Zubar jini, jijjiga, faya ta fashe kafin lokaci, a nufi asibiti mafi kusa mai rajista, a fara ceton rai, a sanar da HMO cikin kwana biyu.

Maman Sadik: To ba gara kawai su canja asibitin farkon zuwa JUTH ba, komai ya zama wuri ɗaya?

Baban Walida: Ana iya canjawa in an yi wata shida da wanda ake ciki, a ofishin NHIA ake cike takardar. Sai dai canjin ma yana ɗaukar lokaci kafin ya fara aiki, kuma ko a cikin babban asibitin sai an nemi lamba daga sashen masu kati zuwa sashen mata. Ribar ita ce komai a harabar guda yake. Ni da za a bi tawa, a bar ƙaramin asibitin don zazzaɓi da mura na gida, a karɓi takardar turawa don cikin.

Sista Ungozoma: Ni kuma nan na ɗan saɓa. A lissafa hanya. Daga Rikkos zuwa Lamingo, inda JUTH yake, da rana ba komai ba ne, amma naƙuda ba ta duba agogo. Ƙarfe biyun dare, sanyin Disamba, babu keke a titi, ko a ce an sa dokar hana fita kamar yadda akan yi a garin nan wani lokaci. Duk asibitin da za a zaɓa, a san motar da za ta kai ta da lambar direban tun cikin yana wata bakwai. Akwai Asibitin Ƙwararru na Filato a cikin gari, akwai Jankwano, wato asibitin koyarwa na Bingham, akwai OLA, asibitin mishan na Katolika. A tambayi HMO wanne daga ciki take turawa don sashen mata, domin asibiti yakan samu tantancewa a wani fanni bai samu a wani ba. Kuma a riƙe na biyu a zuciya saboda yajin aiki. Likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yaji, asibitocin gwamnati sukan koma gaggawa kawai.

Likita: Assalamu alaikum. Bari in taɓa ɓangaren "ƙwararre" da "mace", don kada yarinyar ta je da tsammanin da ba zai cika ba.

Ba duk wanda ke duba mata a asibiti ne likitan mata ba. Kwansoltan shi ne wanda bayan digirin likita ya sake yin shekaru biyar ko fiye yana horo, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. A bayan sunansa za a ga FMCOG ko FWACS. Ba rashin kunya ba ne a tambaya. A asibitin koyarwa kuma aikin ƙungiya-ƙungiya ne: kowace ƙungiya tana da kwansoltan, da manyan masu horo, da ƙanana, kuma tana da ranar awonta a sati. Ranar da mace ta yi rajistar awo yawanci ita ke yanke ƙungiyar da za ta faɗa. Don haka mai son likita mace ta tambayi nas ɗin da ke teburin awo wace rana ce ƙungiyar da ke da kwansoltan mace, ta yi rajista a ranar. Wannan dabarar tana aiki don awo. Daren haihuwa kuwa wanda ke bakin aiki shi za a samu. In haihuwar ta zo daidai, ungozomomi ne za su karɓa, su kuwa kusan duk mata ne. In ta juya ta zama ta tiyata, a yi wa Allah kada a tsaya cewa sai an kira mace. Minti talatin a irin wannan hali yana raba rai da mutuwa. Gara miji da uwar miji su gama wannan magana a gida tun yanzu, har da wanda zai sa hannu a takardar yarda in mijin ba ya gari. Abin da take da haƙƙi a kai kullum shi ne a samu nas mace a ɗaki duk lokacin da namiji zai duba ta.

In ana auna asibiti, musamman na kuɗi mai rajista, fenti da na'urar sanyaya ɗaki ba su ne abin dubawa ba. A tambaya: in ana buƙatar tiyata da dare, likitan yana kwana a nan ne ko kiran shi ake yi daga gida? Wa ke ba da allurar barci? Jini daga ina yake zuwa, minti nawa? Akwai kwalbar jarirai da iskar oksijin, ko sai an ɗauki jariri a zani a tafi wani asibiti? In an ɗauke wuta fa? Allurar oksitosin da ke tsayar da jini bayan haihuwa sanyi take so, in ta kwana a zafi ƙarfinta yana raguwa, don haka firij mai aiki ba ƙaramin abu ba ne. Asibitin da ya amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba, alama ce mai kyau.

Waɗanda bai kamata su tsaya a ƙaramin asibiti ba ko da ciki na nawa ne: wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ko aka cire mata ƙari a mahaifa, mai sikila, mai hawan jini ko ciwon suga, mai tagwaye, wadda mabiyiya ta sauko ta tare hanya, wadda ta yi ɓari a jere ko ta taɓa haifar ɗa ba rai, da yarinya ƙarama sosai.

Sista Ungozoma: Allah ya saka, Likita. Ga abin da za ta sa ido a kai a katin awonta, don wani lokaci saboda cunkoso akan tsallake abu. A zuwan farko: awon yawan jini, rukunin jini, jinsin jini na sikila, gwajin HIV, ciwon hanta, tunjere, da fitsari. Awo takwas ake so a ƙalla: na farko kafin sati 12, sai 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Hoton ciki ɗaya kafin sati 24. Fansida ta rigakafin zazzaɓin sauro ana fara ta bayan wata uku, ƙwaya uku a lokaci ɗaya, tazarar wata guda, sau uku ko fiye kafin haihuwa. Kada a ce Jos gari ne mai sanyi babu sauro, akwai. Allurar tetanus biyu, tsakaninsu sati huɗu. Duk zuwa a gwada hawan jini a rubuta lambar, in ya kai 140 bisa 90 kada ta bar asibitin sai likita ya gan ta.

Rukunin jinin nan a karanta shi da ido. In an ga alamar ragi, kamar O da ɗan layi a gefe, mijin kuma nasa mai tarawa ne, tana buƙatar allurar anti-D, wadda ke hana jikinta yaƙar jinin jariri, wajen sati 28 da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn ya ɗauko na uban. Allurar tana da tsada kuma ba ko'ina ake ajiye ta ba. A tambayi HMO tun wuri ko za su biya, in ba haka ba a fara tara kuɗinta. Cikin fari yakan wuce lafiya ko ba a yi ba, na biyu da na uku ne suke biyan bashin.

Amaryar Gangare: Don Allah in shigo da tawa. Wadda take mata ta biyu fa? Kuma wadda mijinta ɗan kasuwa ne ba ma'aikaci ba?

Baban Walida: Ƙanwata, katin ma'aikaci yana ɗaukar shi, da mata ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ta biyu da sauran yara ana shigar da su a matsayin ƙarin iyali, ana biya musu daban duk shekara. Abin da ba a yi shi ne amarya ta je da katin uwargida. Bayan laifi ne, haɗari ne: fayil ɗin yana ɗauke da rukunin jinin wata da tarihin haihuwar wata. Haka kuma kulawar haihuwa a shirin ta tsaya ne a haihuwa huɗu.

Wanda ba ma'aikacin tarayya ba yana da ƙofa uku. Akwai PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato da aka kafa a 2019, wadda ke ɗaukar ma'aikatan jiha kuma tana da tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, a biya na shekara. Akwai GIFSHIP na NHIA, mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya su biya da kansu. Dukansu akwai lokacin jira bayan biya, don haka wadda ta bari sai ciki ya kai wata takwas ta makara. Ta uku ita ce asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, na marasa ƙarfi ne da masu ciki da ƙananan yara, kyauta, ta asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa da aka zaɓa. Gurbi ne ƙayyadadde, a tambayi shugaban asibitin unguwa ko ana ɗauka, a je da NIN. Ban da waɗannan, a Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka ware, ta hannun NHIA. Ba kowane asibiti ba ne, a tambaya a sashen walwalar marasa lafiya.

Likita: Tun da an buɗe ƙofar, masu neman likitan mata ba don ciki ba: hanyar ɗaya ce, asibitin farko, takarda, lamba. Ƙari a mahaifa, ciki a bayan mahaifa, zubar jini da ya wuce kima, duk suna ciki. Dashen ƙwai na masu neman haihuwa ba ya ciki. Yoyon fitsari kuwa kada a tsaya neman kati, akwai cibiyarsa a Jankwano da ta daɗe tana wannan aiki.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura ɗaya: jaririn in ya zo, katin uwar ya ɗauke shi?

Baban Walida: Na sati 12 na farko, e, a ƙarƙashin sunan uwar. Kafin su cika uban ya karɓo takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, ba ta asibiti kaɗai ba, ya kai ofishin NHIA da hoton jaririn a ƙara shi. Tun da ranar suna ake sanin sunan da za a rubuta, ya je a satin da ya biyo baya, kada ya jira a yi arba'in.

Sista Ungozoma: Kuma kayan haihuwa ba ruwan inshora da su: audugar mata, safar hannu in an rubuta a jeri, ledar shimfiɗa, zannuwa, hula da safar jariri masu kauri saboda sanyin garin nan. Jakar ta zama a ɗaure tun sati 36, kwafin takardar turawa da lambar a aljihun gaba inda mai rakiya zai gani. Maganar jini kuma, a samu mutum biyu cikin dangi su je a gwada su tun kafin lokacin.